Tallafin Binciken Ƙwaƙwalwa na Haɗin Gwiwa: Wace Ƙofa Ya Kamata Ku Ƙwanƙwasa?

Binciken ƙwaƙwalwa ya daɗe da fin ƙarfin mutum ɗaya. A watan Satumban 2025 wata gamayyar masana mai suna International Brain Laboratory ta fitar da taswirar yadda ƙwaƙwalwar ɓera take aiki a lokacin da yake yanke shawara. Aikin da aka ba ɓeran bai taka kara ya karya ba: a zaunar da shi gaban allo, wani zane ya ɓullo ta dama ko ta hagu, shi kuma ya murza wata 'yar taya da ƙafafunsa na gaba har zanen ya dawo tsakiya, in ya dace a ɗiga masa ruwan sukari a baki. Amma kafin a iya cewa ga abin da ke faruwa a kansa, sai da ɗakunan gwaji 12 a Turai da Amurka suka yi aiki iri ɗaya sak a kan ɓeraye 139, suka naɗi motsin ƙwayoyin jijiya fiye da 600,000. A cikin tafiyar akwai masu fiɗa, akwai injiniyoyi, akwai masana lissafi waɗanda ko jelar ɓera ba su taɓa riƙewa ba. Gidauniyar Simons da ta Wellcome ne suka ɗauki nauyin gamayyar tun daga 2017.

To, a ce ku ma kun haɗa kanku a wata jami'a a Kano ko Zariya ko Maiduguri: malami daga sashen nazarin sassan jiki, likitan jijiyoyi daga asibitin koyarwa, da wani matashi na sashen kwamfuta mai son lissafi. Kuna da abokai a waje. Wa zai biya? Manyan ƙofofin da ake yawan ambata huɗu ne: HFSP (Human Frontier Science Program, shirin ƙasa da ƙasa na tallafa wa binciken kimiyyar halittu), da tallafin Synergy na ERC, hukumar tallafin bincike ta Tarayyar Turai, da gidauniyar Wellcome, da NIH, hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka. Yawancinmu da jimillar kuɗin muke fara aunawa, kuma a ganina nan ake fara ɓata lokaci. Abu biyu ne suka fi raba waɗannan ƙofofi: irin tambayar da kowace take son ji, da kuma wanda take yarda ya riƙe lalitar.

Bari mu fara da HFSP, domin ita ce aka gina tun daga tushe don irin wannan haɗaka. Firaministan Japan Yasuhiro Nakasone ne ya kawo shawararta a taron manyan ƙasashe bakwai da aka yi a Venice a 1987, ta fara aiki a 1989, hedikwatarta tana Strasbourg a Faransa. Ƙungiya takan ƙunshi mutum biyu zuwa huɗu, kowa da ɗakin gwajinsa mai cin gashin kansa, daga ƙasashe daban-daban, an ma fi so a ce daga nahiyoyi daban-daban. Kuɗin shekara uku ne, daga dala 300,000 zuwa 500,000 a shekara ga ƙungiyar baki ɗaya, gwargwadon yawanku. Idan ku huɗu ne aka raba daidai, kowa zai tashi da dala 125,000 a shekara. A Boston wannan kuɗin ba zai wuce ɗaukar mutum ɗaya da sayen kayan aikinsa ba. A Damaturu kuwa zai iya canja fuskar ɗakin gwaji gaba ɗaya.

Abin da ya fi jan hankali game da ita shi ne ba ta neman sakamakon farko. Ba sai kun nuna rabin aikin kun riga kun yi ba. Wasiƙar nuna sha'awa ake fara aikawa wajen ƙarshen Maris, 'yar gajeriya, sannan a zaɓi kaɗan a ce su rubuto cikakkiyar takarda, a sanar da waɗanda suka yi nasara bayan kusan shekara guda. Ga wanda ba shi da manyan na'urori, wannan sassauci ne babba. Sai dai ta ɗaure ku ta wasu wuraren. Na farko, tana son sabuwar haɗaka, mutanen da ba su saba aiki tare ba. Wannan ya toshe hanyar da yawancin malamanmu suka fi sani, wato komawa wurin farfesan da ya duba digirinka na uku a Ingila ko Malesiya ku ci gaba daga inda kuka tsaya. Na biyu, jagoran da zai miƙa takardar dole ya kasance a ƙasar da ke cikin ƙungiyar. A Afirka, Afirka ta Kudu ce ta shiga. Wanda ɗakin gwajinsa yake Najeriya ko Nijar zai iya zama cikakken ɗan ƙungiya da kasonsa na kuɗi, amma ba zai ja ragamar ba.

Na ukun shi ne wanda ya fi kayar da mutanenmu. HFSP ba ta ba da kuɗin gwajin magani, ko binciken asibiti, ko ƙidayar masu wata cuta a gari. Tambayar asali take so game da yadda rai yake aiki, kuma mai kasada, wadda za a iya faɗuwa a kanta. Kaso mai yawa na binciken ƙwaƙwalwa da ake bugawa daga Najeriya ya ta'allaƙa ne a kan a tatso ruwan wani ganye ko saiwa, a ba ɓeraye, a duba ko ya kare su daga wata illa. Aikin yana da amfaninsa, amma kada ku kai shi Strasbourg, ko shafin farko ba za a gama karantawa ba. Abin da zai sa a saurare ku a can shi ne ku riƙe wani abu da sauran ba su da shi: wata dabba ta yankinmu da ba a taɓa nazarin ƙwaƙwalwarta ba, ko wata halitta da ta saba da zafin da ba a samu a ɗakunan gwajin Turai, wadda masanin kimiyyar lissafi a Japan da mai haɗa na'urar hangen ƙwayoyi a Jamus ba za su iya amsa tambayarsu ba sai da ita. Gasar kuma ba wasa ba ce. Ɗaruruwan wasiƙu ake aikawa kowace shekara, ƙungiyoyi talatin da 'yan kai suke tsallakewa. Ku kuma sani ba ta biyan albashin shugabannin binciken, kuma kason da jami'a za ta cira don hidimarta bai wuce kashi 10 cikin 100 ba.

Synergy ita ce mai tsokar da ke sa mutum ya haɗiyi yawu: har yuro miliyan 10 na shekara shida ga shugabannin bincike biyu zuwa huɗu, kuma ana iya ƙara miliyan 4 don manyan na'urori da makamantansu. A zagayen 2024 an karɓi takardu 548, aka ba 57, jimillar yuro miliyan 571. Ma'auninta guda ne, ingancin ilimin, kuma sai kun tabbatar wa masu tantancewa cewa babu ɗayanku da zai iya aikin shi kaɗai. Tun 2019 an yarda mutum ɗaya cikin ƙungiyar ya kasance a wajen Turai da ƙasashen da suka ƙulla yarjejeniya da shirin bincikenta. Kujera ɗaya ke nan, kuma a kanta za ka yi takara da farfesoshin Amurka da Ostareliya. Ba zan ja magana a nan ba. Idan wasu manyan masana na Turai suka neme ka saboda wani abu da ke hannunka, karɓa da hannu biyu. Amma kai ka tashi daga nan ka ce za ka haɗa ƙungiyar Synergy a matsayin matakinka na farko, wannan asarar watanni ce.

Wellcome ta bambanta da waɗannan biyun a wuri mafi muhimmanci: tana yarda jagora ya kasance a Najeriya, ko Nijar, ko Ghana, kuɗin ya sauka a asusun jami'arsa, shi ya raba wa abokan aikinsa na London ko Cape Town. Gidauniya ce mai zaman kanta a London, wadda aka kafa a 1936 da dukiyar da Henry Wellcome ya bari, don haka ba ta jiran wata majalisa ta amince da kasafinta kowace shekara. Tallafinta na Discovery, wanda ta ɓullo da shi a 2021, yakan kai shekara takwas, jagora yana iya ɗauko abokan nema har bakwai, kuma kai ne za ka faɗi abin da aikin zai ci, ka kare shi. Fagenta ma ya fi faɗi. Tana karɓar tambayar asali, tana karɓar ta asibiti, har masanin zamantakewa ko na tarihi yana da wurin zama. Idan tambayarku ita ce me ya sa mai farfaɗiya a ƙauye yake shekaru tsakanin mai ruƙiyya da mai maganin gargajiya kafin ya ga likita, da kuma me wannan jinkirin yake yi wa ƙwaƙwalwar yaro, kuna buƙatar likita da mai karanta na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa da wanda ya san al'adar mutanen, kuma nan ce ƙofar da za ta ɗauke ku ku duka. Lafiyar hankali kuma tana cikin manyan abubuwa uku da gidauniyar ta sa a gaba, tana buɗe kira na musamman a kanta lokaci zuwa lokaci.

Shekara takwas ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. A tallafin shekara uku, ta farko takan tafi wajen neman izinin kwamitin ɗa'ar bincike, da sayo kaya, da fito da su daga tashar jiragen ruwa, da kafa sola domin kada firiza ta mutu da samfuran da aka sha wahalar tarawa. Kafin aiki ya kankama an fara tambayar rahoton ƙarshe. Da shekara takwas kuwa za ka iya yaye ɗaliban digiri na uku zubi biyu.

Sai dai riƙe lalita yana da nasa nauyin. An tsara Discovery ne don waɗanda suka riga suka yi suna a fagensu, kuma ba kai kaɗai ake dubawa ba, har da jami'arka. Shin tana da ofishin kula da tallafi da zai iya fitar da rahoton kuɗi a kan lokaci? Za ta iya tura fam zuwa abokin aiki a waje ba tare da takarda ta kwana wata uku a teburin wani ba? Shekaru da dama asusun bai-ɗaya na gwamnatin tarayya ya riƙa shaƙe irin waɗannan kuɗaɗe a jami'o'in tarayya, har sai a 2024 da aka sanar da cire tallafin bincike na waje daga cikinsa. Kafin ku rubuta layi ɗaya, ku je ku zauna da ma'ajin jami'arku ku ji yadda abin yake a aikace. Wanda bai kai wannan matsayi ba tukuna, Wellcome tana da tallafin masu tasowa da na masu matsakaicin matsayi, kuma su ma a buɗe suke ga ƙasashenmu.

NIH kuwa, in ana maganar abin da aka gani a ƙasa a arewacin Najeriya, ita ce ta fi kowa tarihi. Binciken SIREN a kan shanyewar ɓarin jiki, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta tare da Bruce Ovbiagele, ya haɗa asibitoci a Najeriya da Ghana, ciki har da Kano da Zariya, ya kuma nuna a 2018 cewa hawan jini ne babban ummul-haba'isin cutar a yankin, nesa ba kusa ba. Akwai kuma aikin da likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suka yi da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka a kan yara masu sikila. Ana ɗora wata 'yar na'ura a gefen kan yaro, kusa da kunne, a auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa. In ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana cikin haɗarin shanyewar jiki. A ƙasashe masu arziki ƙarin jini ake yi wa irin wannan yaro kowane wata, abin da iyaye ƙalilan ne za su iya jurewa a nan. Gwajin da aka yi a Kano da Kaduna a kan yara 220, wanda aka buga a 2022, ya gwada maganin hydroxyurea a matsayin madadi, aka ga ƙaramin awo ma yana aiki kamar matsakaici. Wannan haɗaka ce ta gaske: likitan yara, da likitan jini, da mai ɗaukar hoto, da masanin ƙididdiga, da ma'aikatan jinya. Haka ma aikin horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko su gano farfaɗiyar yara su yi mata magani a Kano da Kaduna da Zariya, da kuɗin NIH aka yi shi.

Da shekara biyar baya ake wannan magana, da na ce duk mai tambayar asibiti ya fara da nan. Yanzu sai da taka-tsantsan. Shirin binciken ƙwaƙwalwa na BRAIN da Shugaba Obama ya ƙaddamar a 2013, wanda yake da tallafin manyan ƙungiyoyi na shekara biyar, kasafinsa ya faɗo daga dala miliyan 680 a 2023 zuwa miliyan 402 a 2024. A watan Mayun 2025 kuma NIH ta sanar da dakatar da tsarin da jami'ar Amurka take karɓar kuɗi ta yanko wa abokiyar aikinta ta waje, har sai an fito da sabon tsari. Ta wannan hanyar ce kuɗi da yawa suke isowa asibitocinmu. Ko a lokacin da komai yake tafiya daidai, jami'ar waje kashi 8 cikin 100 kawai take samu na hidimarta, kuma NIH tana son ganin sakamakon farko mai ƙwari kafin ta saki babban kuɗi. Idan kuna da tsohon abokin aiki a Amurka da kuka yarda da shi, ku ci gaba da magana, amma ya fara tambayo jami'in shirin a can yadda dokar take a wannan watan kafin ku zuba ƙarfinku. Kuma kada ya zama ita kaɗai kuka dogara da ita.

Wani abu da ya kamata mai zumuɗin babban kuɗi ya tuna: Human Brain Project na Tarayyar Turai. An fara shi a 2013 da alƙawarin yuro biliyan ɗaya da burin kwaikwayon ƙwaƙwalwar ɗan Adam a kwamfuta. Shekara guda kacal, a 2014, ɗaruruwan masana suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa suna ƙorafin yadda ake tafiyar da shi, a 2015 aka rushe kwamitin mutum uku da ke jagorantarsa, wanda Henry Markram, masanin da ya assasa aikin, yake ciki. An kammala a 2023 bayan kashe kusan yuro miliyan 600. An samu abubuwa masu amfani, musamman taswirori da rumbun bayanai, amma rigimar ba ta rashin kuɗi ba ce, ta wa ke yanke shawara ce. Gamayyar nan ta International Brain Laboratory mai binciken ɓeraye kuwa, da kuɗin da bai kai kusa da wannan ba, ta tsaya a kan tambaya ɗaya da gwaji ɗaya da kowa ya amince da shi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ga yadda zan auna muku. In tambayarku ta cuta ce, ga marasa lafiya a hannunku, kuma akwai babban malami a cikinku da jami'ar da za ta iya riƙe kuɗi, ku nufi Wellcome, ku ne a gaba, baƙin su biyo baya. In tambayar ta asali ce, baƙuwa, ba ku da sakamakon farko amma kuna da abin da wasu ba su da shi, ku nemi jagora a ƙasar da ke cikin HFSP, kuma ku neme shi tun kafin sabuwar shekara domin Maris ba ta da nisa. Matasan da ba su wuce shekara biyar da samun ɗakin gwajinsu ba suna da rukuninsu daban a can, ba sai sun kara da dattawa ba. NIH ta zama ta biyu ga masu tsohuwar alaƙa. Synergy a jira gayyata.

In kuwa kun duba kun ga babu wadda kuka isa tukuna, to da ruwan ciki ake jan na rijiya. Asusun bincike na ƙasa da TETFund ke gudanarwa yana son ƙungiyoyi masu haɗa fannoni, kuma duk da faɗuwar naira ta rage masa auki, ya isa a tara sakamakon farko a buga takarda ɗaya ko biyu tare. IBRO, ƙungiyar masu binciken ƙwaƙwalwa ta duniya, tana ba da ƙananan tallafi na ziyara da na haɗin gwiwa, ta kuma daɗe tana shirya makarantun horo a Afirka, inda da yawa suka fara haɗuwa da waɗanda suka zama abokan aikinsu. Cibiyar BioRTC da Dakta Mahmoud Bukar Maina ya assasa a Jami'ar Jihar Yobe ta nuna cewa ana iya tara na'urorin zamani a arewa maso gabas ta hanyar haɗa gudummawar gwamnatin jiha da ta masu tallafi na waje, kuma samun irin wannan wuri kusa yana ƙara wa takardarku nauyi, domin mai tantancewa yana son sanin a ina za a yi aikin. Hattara ɗaya dai: in HFSP kuke hari, kada ku yi ta buga takardu da mutanen da kuke son nema tare da su, domin hakan zai mayar da ku tsohuwar haɗaka.

Kowace ƙofa kuka zaɓa, akwai takardar da ya kamata ta riga takardar neman kuɗin. Ku rubuta a shafi biyu, kowa ya sa hannu: samfurin jini ko na ƙwayoyin halitta a firizar wa zai zauna, in za a fitar da shi waje da wane sharaɗi, wa ke da damar buɗe bayanan, sunan wa zai zo farko da ƙarshe a manyan takardu, kuma na'urorin da aka saya na wace jami'a ne bayan an gama. Ku sa wa mai lissafin cikinku kasonsa na kuɗi da ɗalibinsa tun daga farko, kada a mayar da shi wanda ake kira sai an gama tara bayanai a ce ya zo ya fitar da jadawali. Masu tantancewa a Strasbourg da London sukan gane ƙungiyar da aka liƙa wa masanin kwamfuta don cika sharaɗi, yawanci daga shafin kasafin kuɗi suke ganewa, inda za a tarar an rubuta masa laftof ɗaya da tikitin taro.